Yadda ake gane shekarun dutsen da ƙanƙara ta binne

Ɗan'uwa na garin Mai Wurno da ke Sudan, ka tambayi yadda ɗalibin ilimin duwatsu ke sanin shekarun dutsen da ke ƙarƙashin ƙanƙarar Antaktika, nahiyar da ke ƙarshen kudancin duniya, alhali kaurinta ya kusa kilomita 2.

Ba dole sai ya haƙa ba. Ƙanƙarar tana tafiya sannu a hankali, tana kankare dutsen, tana zubar da tsakuwarsa a bakin teku, kamar yadda kogin Nilu ke kawo muku laka daga Habasha. Cikin tsakuwar nan yake tsinto zirkon, 'yar ƙwayar da sai da madubin ƙara girma ake ganinta sosai. Wani sinadari da ke cikinta, mai suna Yuraniyom-238, yana rikiɗewa ya koma dalma, rabinsa a shekara biliyan 4.5. Sai a auna yawan kowanne, lissafin shekarun ya fito.

Aikin da ya fi wuya, a ganina, shi ne gano inda tsakuwar ta taso.