Amsa ga Hajiya kan mai zanen da zai riƙa zuwa makaranta

Assalamu alaikum jama'a. Hajiya, na saurari saƙonki. Kin ce wani matashi da ya gama sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana so ya riƙa zuwa koya wa 'yan aji biyar da shida zanen fuska, ko a karɓe shi? Ki karɓe shi hannu bibbiyu, amma da sharaɗi ɗaya, zan zo kansa.

Abin nan fa ba yau aka fara ba. Aina Onabolu, mai zane ɗan Najeriya, da ya dawo daga karatu a Landan da Faris a 1922, haka ya riƙa zagaya makarantun Legas yana koyarwa, har da King's College. Shi ya matsa wa gwamnati aka kawo Bature malamin zane Kenneth Murray a 1927, wanda ya koyar da shahararren mai zanen nan Ben Enwonwu.

To, me yara za su samu? Kallo da awo. Ki ce da yaro ya zana fuska, sai ya kai idanu can saman goshi. Mai zanen zai sa shi ya miƙe hannu da fensir, ya rufe ido ɗaya, ya auna, ya gani da kansa cewa idanu a tsakiyar kai suke, tsakanin ƙoƙon kai da haɓa. Tsakanin ido da ido, faɗin ido ɗaya ne. Kunne kuma daga gira zuwa ƙasan hanci. Wallahi ki duba fuskar yaro ranar da ya gano wannan! Rabi, kashi ɗaya cikin uku, ai lissafin da muke fama da su a kai ne.

Sai inuwa. A zaunar da wanda za a zana kusa da taga, haske ya bugo shi ta gefe guda. Kafin a kai ga mutum, a fara da ƙwai ko tulu.

Kaya ba tsada: fensir HB da 2B da 4B (lambobin taurin fensir da baƙinsa ne, a jikinsa ake rubuta su), magogi, farar takarda mai kauri. Ko gawayin murhu ma yana yi.

Maganar iyaye kuwa, kada a ɓoye musu. Akwai waɗanda ba su yarda da zanen abu mai rai ba saboda addini, kuma haƙƙinsu ne. A sanar da su tun da wuri. Yaron da aka hana, ya zana ƙwarya, rawani a ajiye, ko soron gida, awon da inuwar duk ɗaya ne.

Sharaɗin nan, Hajiya: malamin ajin kada ya ga baƙo ya zo ya fice shan iska. Ya ja benci ya zauna da nasa fensirin, ya koya tare da yaran. Baƙo zangon karatu ɗaya zai yi ko biyu ya tafi, malamin ne zai ci gaba da su. Ki sa wannan a rubuce kafin ya fara. Na gode, a gaida malamai.