Gidan gadon nan na Badariya, ka dakata tukuna

Ƙanena, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi. Ka ce dillali ya nuna maka tsohon gida mai ɗaki shida a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, kana so ka saya ka zuba 'yan haya, kana tambaya ko da riba. Ba maganar riba ta tsayar da ni ba. Abin da ka jefa a ƙarshe ne, wai gidan na gado ne amma babban wan magadan ya ce babu matsala.

Haka aka ce mini a 2017. Nawa a Bayan Kara yake. Kuɗin da na yi shekaru ina tarawa, har da shanu biyu da na sayar a ƙauye, na miƙa wa babban ɗan mamacin a gaban mai unguwa da shaidu biyu. Na sake kwano, na yi filasta, na haƙa sabuwar shadda. Wata bakwai da haka, ina zaune ƙofar gida bayan La'asar, sai ga sammaci. Ashe akwai ɗiya mace da ke aure a Yauri, ba a raba gado ba, ba a ko sanar da ita ba. Wallahi ranar da na tsaya gaban alƙali, ƙafafuna rawa suke. Matar nan ba ta yi mini laifi ba, haƙƙinta ta nema, kuma babu mai ikon sayar da rabon wani ba da yardarsa ba. Wan nata ya riga ya cinye kuɗin, ya ƙara aure. Ni na sake biyan kasonta don kada gidan ya kuɓuce.

Amma dillalin da ya haɗa ni da gidan nan! Ya san da ita, don a unguwar ya tashi. Ya karɓi la'ada hannuna, ya karɓa hannunsu, ya rantse mini cewa magada uku ne kacal. Bayan shari'a muka haɗu wurin jana'iza, ya miƙo mini hannu yana murmushi, wai Alhaji ai ƙaddara ce. Har yau idan na hango babur ɗinsa sai raina ya ɓaci. Na bar shi da Allah.

Saboda haka kada ka ba da ko sisi sai ka ga takardar rabon gado daga kotu, kuma kowane magaji ya sa hannu, mata kafin maza ma. Takardar mai unguwa shaida ce kawai. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar cikin gari tana hannun gwamna, shi ke ba da takardar mallaka, galibi ta shekara 99. Ka je ma'aikatar filaye da ƙafarka a duba maka ko sunan wa ke kan filin, ko an jinginar da shi a banki. Kuɗin lauya na yini ɗaya bai kai rabin abin da na kashe a zirga-zirgar kotu ba.

Kuma ka je ka ga gidan cikin Agusta, da safe bayan an kwana ana ruwa. Da rani kowane gida lafiyayye ne.

Riba kuwa akwai, amma tafiyar kura take da ɗingishi. Ka lissafa hayar shekara, ka cire gyara, ka cire watannin da ɗaki zai zauna babu kowa, sannan ka ga shekara nawa kafin uwar kuɗinka ta dawo. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma, ga mu kusa da Kalambaina ta Sakkwato inda ake yin sa, katangar da ta zube mini ta cinye hayar ɗaki biyu. Ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru da na jami'ar tarayya da ke Kalgo suna biya gaba ɗaya a farkon shekara, sai dai ka shirya canza ƙofa da famfo. Ma'aikaci mai iyali ya fi lallaɓa gida, amma idan albashi ya makara kai ma ka makara.

Ka raba musu mita mai kati. Faɗan kuɗin wuta ya taɓa kai ni sulhu da tsakar dare.

Kowa ka rubuta masa yarjejeniya, har ɗan'uwa. Ni ɗan ƙanwar matata na ba ɗaki a kan zai riƙa biya, shekara biyu ban ga ko kwabo ba, da na yi magana aka kai ƙarata wurin surukata. Lauya ya ce mini mai hayar shekara notis na wata shida ake ba shi idan babu wani sharaɗi a rubuce, kuma kada in kuskura in cire masa ƙofa ko kwano. Haka na zauna ina ƙirga watanni.

Ka tambayi dillalin naka 'ya'ya nawa mamacin ya bari, sannan ka zagaya ka tambayi tsohuwar da ta fi daɗewa a layin. Ka dawo ka gaya mana ko lissafin ya zo ɗaya.