Karena ya daina dalala bayan wankan maganin kaska, sabawa ya yi?

Tambaya: Likita, wata 4 ke nan duk mako nake yi wa karena wanka da maganin kaska mai kulofirifos. Da farko yakan yi dalala da rawar jiki, yanzu ya daina, mai maganin ya ce jikinsa ne ya saba. Amma ya zama sukuku, in na kira shi sai ya tsaya yana kallona kamar baƙo, ƙaramin motsi kuma ya firgita. Ƙwaƙwalwarsa ce ta taɓu?

Amsa: Malam, ka dakatar da wankan nan tun yau. Alamun da ka lissafa sun yi kama da na gubar da ake sha kaɗan-kaɗan. Ka san kulofirifos yana danne sinadarin kolinestares, wanda aikinsa shi ne share asetilkolin, wato sinadarin da ke kai saƙo tsakanin jijiyoyi, sai asetilkolin ya taru a mahaɗar jijiyoyi, saƙo ya yi ta bugawa ba tsayawa. Jiki yana ɗaukar makonni kafin ya ƙera sabon kolinestares, kai kuwa kana sake lafta masa bayan kwana 7.

Maganar "ya saba" ita ce ta ishe ni, kusan kullum sai na ji ta. Idan asetilkolin ya yi wa ƙwaƙwalwa yawa, sai ta rage yawan kafofin da ke karɓar saƙonsa, kamar wanda hayaniya ta dama ya toshe kunne. Dalala ta tsaya, gubar na nan. Kafofin nan kuma su ne dabba ke koyo da tuna abu da su. Ɓerayen gwaji da aka riƙa ba wa irin wannan magani sun riƙa kasa tuna hanyar da suka riga suka koya. Wato abin da mai maganin ya kira sabo, shi ne kallon baƙon da karenka ke yi maka. Daga nan sai wani wanda ko takardar jikin kwalba bai karanta ba ya ce a ƙara murfi ɗaya, tunda kare yana jurewa. Tarayyar Turai ta haramta maganin nan a 2020 saboda fargabar illarsa ga ƙwaƙwalwar yara, shi kuwa yana awo da murfi!

Wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, ka sa safar hannu, don kai ma fatarka tana sha. Ka kai shi wurin likitan dabbobi tare da kwalbar, a auna kolinestares a jininsa. In ka ga ƙwayar idonsa ta tsuke, ko numfashi yana yi masa wuya, kada ka jira gari ya waye, allurar atrofin, wadda ke rage ƙarfin irin wannan guba, yake buƙata.