Abin da ke kawo jini a kashin mai atini

Ɗan'uwa daga yankin Ringim, ka tambaya me ya sa yaronka ke kashin jini da majina bayan ya sha ruwan kududdufi, alhali mai kwalara ruwa zalla yake fitarwa.

Ƙwayar kwalara ba ta shiga naman hanji, mannewa take yi ta zuba guba. Shigella kuwa, ƙwayar cutar da ke jawo atini, ɓarauniya ce mai fasa ɗaki. Tana da wata 'yar allura a jikinta, da ita take huda tantanin hanji, wato ɗaya daga cikin ƙananan ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin hanji, ta ɗura masa furotin irin su IpaB da IpaC. IpaC ɗin ne ke rikita aktin, zaren da ke riƙe tantani kamar azara a soro, sai fatar tantanin ta tattare ta haɗiye ta da kanta. Da ta shiga sai ta fasa jakar da ta naɗe ta, ta tara aktin a bayanta kamar wutsiya, yana ingiza ta cikin tantanin maƙwabci. Nan gyambo ke buɗewa, jini ya biyo.

Abin da ke ba ni tsoro, ƙwayar Shigella 10 zuwa 100 ma sun isa su kawo cutar. Ka kai yaron asibiti yau, kana ba shi ruwan gishiri da sukari a hanya.