Warin hammata a bazara: alif ya fi lemun tsami da kanwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗinki nake yi a unguwar Birni, nan Damagaram. Da bazara ta shigo, kafin azahar hammatata ta ɗau wari ko da na yi wanka da safe. Na bar turaren hammata na fesawa na kanti saboda ƙaiƙayi, na koma lemun tsami da kanwa, yanzu wurin ya yi baƙi yana raɗaɗi. Humra ma ta kasa. Me zan shafa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Don Allah ki ajiye lemun da kanwar daga yau. Fatar mutum tana da ɗan tsami nata, wajen 5 a ma'aunin tsami da ake ce wa pH, inda 7 ne tsakiya, ƙasa da shi kuma tsami ne. Ruwan lemun tsami wajen 2 yake, kanwa kuma ta haura 7, can ɗaya ɓangaren, to kowannensu cin fatar yake yi. Baƙin da kika gani tabon wannan ƙuna ne. Ki yi kwana 10 zuwa 14 ba ki shafa komai sai man kaɗanya kaɗan. Raɗaɗin zai tafi da wuri, baƙin kuwa yakan ɗauki watanni, kuma dirza da soso ƙara shi take yi.

Zufa ita kanta ba ta da wari. A hammata akwai wata zufa mai maiƙo, ita ƙwayoyin bakteriya na kan fata suke ci su fitar da warin. A Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40 a garin nan, aikinsu sauri yake yi. Humra da turaren wuta ba sa taɓa ƙwayoyin, hawa kan warin suke yi, shi ya sa haɗuwar ta fi muni.

Bayan fatar ta warke, abin da ya fi dacewa da ke shi ne alif, wanda wasu ke ce wa alam. Yana hana ƙwayoyin yaɗuwa, yana kuma ɗan tsuke fata. Ki nemi fari mai sheƙi kamar ƙanƙara, irin na wanzamai, a kasuwar Dole ko a farmasi. Kar ki ɗauki wanda ake jefawa a tulu don kwantar da ruwa, sau da yawa wani iri ne daban kuma ya fi zafi. Idan dutsen yana da kaifi, ki goga bakinsa a cikin ruwa har ya yi sumul.

Bayan wanka da sabulu, ki tsane hammatar sosai. Ki jiƙa dutsen, ki goga kamar sau 10 a kowane ɓangare, har gefen inda gashi ya ƙare, ki jira ya bushe kafin ki sa riga. A nan mutane suka fi kuskure: suna shafa shi bayan warin ya riga ya tashi, sai su ce ba ya aiki. Alif rigakafi ne, a kan tsabtatacciyar fata kawai yake amfani. Idan ruwa ya yi wuya, kofi ɗaya da ƙyalle mai tsabta sun isa ki wanke wurin da rana ki sake shafawa. Ki ɗauraye dutsen ki shanya shi, don a jiƙe narkewa yake yi. Ranar da kika aske gashi, ki bari sai washegari. Idan garin alif kika samu, ki zuba ƙaramin cokali 1 a ruwan da aka tafasa ya huce, mililita 100, ki riƙa shafawa da auduga, ki sake sabo duk mako.

Abu biyu ki sani. Alif ba zai hana ki zufa ba. Sannan akwai sinadarin aluminiyom a cikinsa, don haka mai ciwon ƙoda ta fara tambayar likita.

Idan damshin ya dame ki, ki narkar da man kaɗanya babban cokali 3, ki zuba farin garin sitacin masara cokali 2, ki juya har ya daskare. Kamar ƙwayar wake ta isa kowace hammata, bayan alif ɗin ya bushe. Ki ajiye shi a gindin randa, in ba haka ba ya zama ruwa. Haɗe-haɗen intanet suna cika sa bikarbonat, wato farin garin soda na yin burodi, ke kam ki bar shi, ɗan'uwan kanwa ne.

Ki duba tufafinki ma. Yadin roba yana riƙe wari ko an wanke shi, da jiki ya ɗumama sai ya dawo. Ki shinshina hammatar rigar bayan guga, za ki gane. Auduga ta fi, kuma ki juya rigar ki cuɗa wurin da sabulu, ki shanya a rana.

Ki je asibiti idan kika ga maruru masu dawowa, ko wani abu rawaya ya manne wa gashin, ko zufar dare tare da tari da rama. Haka nan idan baƙin ya yi kauri har ya bayyana a bayan wuya, a auna miki sukari.