Ruwan Kwano da Ruwan Kwalba: Amsa ga Mai Koyon Malanta

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa yaran aji ɗaya suka dage cewa ruwan da ka juye daga kwano zuwa doguwar kwalba ya ƙaru, alhali a gaban idonsu ka juye shi, har ka fara zargin ko daƙiƙai aka haɗa ka da su. Lafiyarsu ƙalau, hankalinsu ne bai kai wurin ba tukuna.

Jean Piaget, masanin ƙasar Suwizalan da ya rasu a 1980, ya yi wa yara irin wannan gwajin, ya kuma kasa girman tunaninsu gida huɗu. Tsakanin shekara 2 da 7, ido ne ke jan ragamar yaro: ya ga ruwa ya hau sama, bai lura da cewa kwalbar siririya ce ba, kuma ba ya iya mayar da ruwan cikin kwano a zuci. Daga wajen shekara 7 zuwa 11 yake gane cewa abin da ba a ƙara ba, ba a rage ba, yana nan yadda yake.

Sai dai kada ka riƙe waɗannan shekaru kamar awon tela. A shekarun 1960 Patricia Greenfield, masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar Amurka, ta gwada yaran ƙabilar Wolof a Senegal, sai ta tarar wasu da ba su shiga boko ba suna cewa ruwan ya ƙaru ne saboda babba ne ya juye shi. Da aka bar su suka juye da hannunsu, da yawa suka gane gaskiyar. A ganina, wannan ya fi amfanar malami fiye da haddace matakan.

Abin da ya fi damuna shi ne kalmar nan ta “daƙiƙai” da ka furta. Erik Erikson, masanin halayyar ɗan Adam da ya bi rayuwar mutum mataki takwas daga goyo har tsufa, ya ce tsakanin shekara 6 da 12 ne yaro ke yanke wa kansa hukunci, ko dai ya ji shi ma zai iya, ko ya ɗauka cewa ya gaza sa'anninsa, kuma yawanci a bakin malami yake jin hukuncin.

Gobe ka zo da kwano biyu masu girma ɗaya, ka miƙa wa yaro kwalbar ya juye da kansa, ya mayar, sannan ka tambaye shi abin da ya gani.