Tambaya da Amsa: Wa ya gaya wa ɗana igiyar ruwan da za ta zo ranar Alhamis?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni Basarke ne daga Kwalkwalawa. Su na gada wurin mahaifina, da shi na ciyar da iyalina har tsufa ya zo. Jikata ce ke rubuta mini wannan. Autana ya tafi Legas cin rani shekara uku ke nan, yana aiki a jirgin da ke kai mutane wani bakin teku da ake kira Tarkwa Bay. Can ya koyi wani wasa na hawa allo bisa igiyar ruwa. Ran Juma'a ya kira ni yana ta murna, wai Alhamis mai zuwa babbar igiya za ta iso daga kudu, tsayinta mita biyu, “sakan goma sha biyar”, kuma iska za ta kwanta da safe. Na ce wa ya gaya maka abin da zai faru bayan kwana shida? Ya ce a waya ya gani. Malam, hankalina bai kwanta ba. Wannan ba duba ba ne? In kuma gaskiya ne, in hana shi shiga, ko in ƙyale shi tun da ya iya ruwa tun yana ɗan shekara biyar?

AMSA: Wa alaikumus salam Baba. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya yi wa jikar nan albarka.

Bari in fara da abin da ka fi ni sani. Akwai safiyar da sama take garau a Sakkwato, kwana uku ba a ga ko ɗigo ba, amma ka sauka bakin Rima ka tarar gulbi ya hau, ya yi jajir, yana tafe da itace da yayi. Ruwan ba na nan ba ne. Can aka yi shi ƙasar Katsina, ko Zamfara, ko wajen Maraɗi, ya kwana biyu ko uku a hanya. In wani ɗan'uwa ya kira ka daga Goronyo ya ce ruwa ya wuce su, za ka ce wa mutane su janye jirage su kwashe abin da ke fadama, kuma ba mai kiran ka ɗan duba. Ku mutanen Kwalkwalawa ba ku manta Satumbar 2010 ba, lokacin da ambaliya ta yanke hanyar jami'a. Ruwan da ya yi ɓarnar nan ya riga ya taso tun kafin idonku ya gan shi.

To haka igiyar da yaronka ke jira take. Ranar da ya kira ka, an riga an haife ta, tana kan hanya.

Can ƙuryar kudancin Tekun Atlantika, tsakanin ƙarshen Kudancin Amurka da Afirka ta Kudu, akwai wani yanki da iskar yamma ke kaɗawa ba tudu ba dutse da zai tare ta. Lokacin da muke damina su suna tsakiyar sanyi, kuma a lokacin ne guguwarsu ta fi muni. Girman igiya yana bin ƙarfin iskar, da daɗewar da ta yi tana busawa, da faɗin ruwan da ta share. A wancan wuri duka ukun sun haɗu. Bayan guguwa ta mutu, igiyoyin da ta tayar ba sa mutuwa, sai su miƙa arewa. Daga can zuwa gaɓar Legas ya kai kilomita 6,000. Igiya irin wadda yaronka ya faɗa tana cin kusan kilomita 1,000 a kwana ɗaya, wato kamar daga Sakkwato zuwa Legas kullum. Ka ga lissafin kwana shida ya fita. Taurarin ɗan'adam suna auna iska da tsayin ruwa a wurin guguwar, kwamfuta ta lissafa saurin tafiya da inda aka dosa, sai a sa a intanet. Hukumar NiMet tamu tana fitar da hasashen yanayin teku, akwai kuma manhajoji irin su Windy da Surfline da 'yan wasan ke dubawa. Ilimin ba sabo ba ne. Wasu masana biyu, Harald Sverdrup da Walter Munk, su suka tsara shi a Yaƙin Duniya na Biyu don a san ranar da za a iya sauke sojoji a gaɓa. A 1963 kuma Munk da abokan aikinsa suka kafa tashoshin awo daga Niyu Zilan har Alaska, suka bi sawun igiyoyin da suka taso daga kudancin duniya har suka ƙetare Tekun Fasifik. Na koyar da labarin ƙasa shekaru masu yawa a makarantun sakandare a nan Sakkwato, kuma har yau wannan aikin yana ba ni mamakin ikon Allah. Gaibu na Allah ne shi kaɗai. Wannan kuwa awon abin da ya riga ya auku ne, kuma mai awo yakan yi kuskure.

Kada ka ɗauka ruwan kudu ne ke tafiya har Legas. Ka tuna gorarka in ka bar ta a kan ruwa jirgi ya wuce: takan ɗaga ta sauka, amma tana nan inda take. Motsin ne ke tafiya, ruwan yana wurinsa.

Yanzu ga maganar “sakan goma sha biyar”, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai cikin duk wasiƙarka. Ma'anarta tazarar lokaci tsakanin wucewar kan igiya ɗaya da na mai bi mata. Igiyar da iskar wurin ta tayar, in kira ta igiyar gida, takan zo duk sakan biyar ko shida, gajera, a hargitse, kamar yadda Tafkin Kware ke yi in hadari ya taso. Tsakanin kanta da na 'yar'uwarta bai wuce mita 56 ba. Baƙuwar igiya mai sakan 15 kuwa tsawonta ya kai mita 350, fiye da filin ƙwallo uku a jere, kuma motsinta yana sauka cikin ruwa har wajen rabin wannan tsawo. A tsakiyar teku ba za ka ko kula da ita ba, jirgi zai ɗaga a hankali ya sauka. Sai ta iso inda ruwa ba zurfi, ƙasanta ya taɓa yashi ya rage gudu, duk ƙarfin nan ya taru ya miƙe tsaye, sannan ta kife. Shi ya sa mita biyu mai sakan 15 da mita biyu mai sakan shida suna ɗaya ne kawai a kan waya, a bakin ruwa kuwa ta farko ta fi nauyi nesa ba kusa ba. Sannan mita biyun nan matsakaici ne na manyan igiyoyin ranar. Jefi-jefi wata za ta zo da ta kusa ninka hakan. Kuma irin wannan igiya tafiyar ayari take yi: teku ta yi lakadan na wasu mintuna har mutum ya saki jiki, sai uku ko biyar su zo a jere. Masu tsayawa kan duwatsu suna ɗaukar hoto a irin wannan lafawar ake rasa su.

Iskar da ya ambata ma kun san juna. Iskar damina da ke kawo mana ruwa daga kudu maso yamma, daga tekun nan take tasowa. A Legas tana buso igiya ta baya, ta murƙushe ta, ta mayar da ita kumfa. Da asuba, bayan ƙasa ta huce cikin dare, iskar takan lafa, shi ya sa 'yan wasan ke sammako. Da rana ta yi zafi sai ta dawo. Sai dai hasashen iska bai kai na igiya daɗewa ba. Abin da aka gani ran Juma'a game da iskar Alhamis yana iya sauyawa, don haka ya sake dubawa daren Laraba, ya kuma duba da idonsa da safe. Akwai kuma cikowa da janyewar teku, sau biyu a yini, wajen mita ɗaya a Legas, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kamar minti 50. Wannan da wata yake tafiya. Ya fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da daren sha huɗu, saboda haka ranar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, kai ma daga nan ka san teku tana cikin kwanakin tumbatsa.

Sai tambayarka ta biyu, wadda na san ita ce ke hana ka barci.

Baba, a Legas na yi bautar ƙasa, kuma ni ma a Rima na koyi iyo. Wata Lahadi muka je Bar Beach, tun ba a cike wurin da yashi ba. Rana tana haske, ba iska. Na zaɓi inda ruwa ya fi kwanciya, wani wuri mai duhu-duhu tsakanin igiyoyi biyu inda ba kumfa, na shiga. Ban yi minti biyu ba na waiga na ga abokaina sun zama ƙanana. Na juya na fara iyo zuwa gaɓa da duk ƙarfina, amma baya nake yi. Hannuwana suka mutu, na sha ruwan gishiri, na fara salati. Wani masunci a kwale-kwale ya yi ta daka mini tsawa da yarensa yana nuna gefe da hannu. Na bi gefen, ban yi nisa ba na ji ruwan ya sake ni, igiya ta turo ni waje. Har yau ina yi wa mutumin nan addu'a. Abin da ya kama ni shi ne magudanar da ruwa ke bi ya koma teku bayan igiyoyi sun jibge shi a gaɓa. Ba ta da faɗi sosai, amma gudunta yana iya wuce mita biyu a sakan, kuma ba gwanin iyon da zai yi mata gaba da gaba ya ci. Tana ƙara ƙarfi a ranar babbar igiya, musamman in ruwa yana janyewa, kuma tana son gefen duwatsu. A gulbi inda ruwa ya kwanta nan ne wurin hutawa, shi ya sa ɗan gulbi ke saurin faɗa mata.

Ra'ayina shi ne kada ka hana shi wasan. Sana'a ce da ake girmamawa a duniya, ta shiga gasar Olamfik tun wasannin Tokyo da aka yi a 2021, kuma matasa a Busua ta Gana, da Robertsport ta Laberiya, da Ngor ta Dakar suna cin abinci da koyar da ita. In ka hana, mai yiwuwa ya shiga a ɓoye, ya daina gaya maka. Amma ka kira shi kafin Alhamis ka yi masa tambaya irin ta masunci. Ka ce a ina zai shiga? Cikin Tarkwa Bay akwai kariyar dogayen duwatsun da aka jera farkon ƙarni na 20 don tsare mashigar jiragen ruwa, igiya takan rage ƙarfi kafin ta shigo. Gaɓar da ke bayanta, wadda ake kira Lighthouse, a buɗe take ga teku, kuma igiyarta kan kife kan yashi da nauyi. In bai taɓa hawa mai wannan girma ba, ya tsaya ciki. Ka tambaye shi da wa zai shiga, don shiga shi kaɗai a irin ranar nan ganganci ne. Ya duba igiyar da ke ɗaure allon a ƙafarsa ko ta tsufa, domin allon shi ne gorarsa. Ya zauna a kan yashi aƙalla minti ashirin ya ƙirga ayari biyu ko uku kafin ya jiƙa ƙafa. Sannan ka ce ya kwatanta maka inda magudanar take a wurin, da yadda zai fita in ta ɗauke shi. In ya amsa wannan dalla-dalla, ya san ruwansa, ka sa masa albarka. In ya ce maka kawai “Baba, ai na iya ruwa”, to ka ce ban da wannan Alhamis ɗin, ya tsaya ya yi kallon manyansa. Allah ya tsare shi, ya dawo maka da shi lafiya.

TAMBAYA: Malam, ɗaliba ce ni a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Za mu je Legas biki a Disamba, kuma ban taɓa ganin teku ba. Lokacin yana da haɗari? Daga Mabera.

AMSA: 'Yata, kin dace da lokaci. Daga Oktoba guguwar kudu takan fara sanyi, igiyoyin Disamba zuwa Fabrairu sun fi ƙanƙanta a shekara. Iskar hunturun nan da ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na Chadi ta rufe mana Sakkwato da hazo, takan kai Legas a wannan tsakani. Tana busowa daga tudu zuwa teku, sai ta gyara fuskar igiya ta yi sumul, abin sha'awa da safe. Amma ƙaramar igiya ma tana zare yashi daga ƙarƙashin ƙafa, kuma doguwar riga da hijabi in sun jiƙe nauyi suke yi. In ba ki iya iyo ba, kada ruwa ya wuce idon sawunki, kada ki juya wa teku baya don hoto, kada ki hau duwatsu. In za ku ƙetara Tarkwa Bay a jirgi, ki nemi rigar ceto ki ɗaura ta sosai kafin jirgin ya tashi.